3.2 Fassara Bambancin Matsayi a Zanen Alƙalami da Tawada: Misalin Mujallar Punch

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda manazarci zai gano saƙon da ke ƙunshe cikin zanen alƙalami da tawada dangane da bambancin matsayi a tsakanin al'umma. An ɗauki misalai daga mujallar barkwanci ta Punch wadda aka kafa a Landan a 1841, ta kuma daina fitowa a 2002.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne sutura da tsayuwar jiki. George du Maurier, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1896, yakan zana 'ya'yan manyan gida dogaye, miƙaƙƙu, masu natsuwa. Amma idan ya zo kan sabon attajiri, kamar tauraronsa Sir Gorgius Midas, sai ya ba shi ƙaton ciki da ado mai yawa. Wato dai zanen yana nuna cewa dukiya ba ta sayen asali.

Abu na biyu shi ne maganar da ake rubutawa a ƙarƙashin zane. A wani zanensa na 1895, an nuna ƙaramin limamin coci yana karin kumallo a gidan bishop. Da bishop ya lura an ba shi ruɓaɓɓen ƙwai, sai baƙon ya nuna ai wasu sassan ƙwan suna da kyau ƙwarai. Abin dariyar ba ƙwan ba ne, tsoron da na ƙasa yake yi wa na sama ne, har ya kasa faɗin gaskiya a kan abin da ke gabansa.

Abu na uku shi ne yanayin layukan zanen. Du Maurier yakan cika takarda da ƙananan layuka domin fito da labule, kujeru da rigunan mata. Phil May kuwa, wanda aka haifa a Leeds a 1864, ya kuma ɗanɗana talauci a ƙuruciyarsa, layuka kaɗan yake amfani da su. A littafinsa na 1896 kan yaran titin Landan, ya nuna su cikin tsumma amma da wayo da fara'a, ba a matsayin abin tausayi kawai ba.

Sai dai akwai tarkon da ya kamata a kauce masa. Zane ba hoto ba ne, ra'ayi ne. Mafi yawan masu karanta Punch masu matsakaicin hali ne, don haka dole a tambaya: wa ake yi wa dariya, kuma wa yake yin ta? Zambon da du Maurier ya yi wa masu neman kutsawa cikin manya bai ƙalubalanci tsarin ba, hasali ma ƙarfafa shi ya yi, domin saƙonsa shi ne kowa ya tsaya matsayinsa.

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa zanen yana aiki kamar habaici a adabin baka: ba a gane shi sai an san mai yi, da wanda ake yi wa, da kuma masu sauraro. Waɗannan ma'aunai ne za a yi amfani da su a sashe na gaba.