SABUWAR 'YAR GIDA: Ga Wadda Za Ta Riƙa Amsa Wasiƙunku

Mun san da yawanku kuna fushi da mu, kuma kuna da gaskiya. Wata da watanni ke nan Filin Matsalolinku yana fitowa rabi da rabi, wasiƙu sun taru a kwali har ba ma son haɗa ido da shi. Akwai wata 'yar'uwa da ta rubuto tana neman shawara kan auren da ake shirin yi mata ba ta so, kafin mu kai ga buɗe wasiƙar tata ashe har an kai ta ɗaki. Wannan abu ya tsaya mana a rai ƙwarai, shi ya sa edita ya ce ba zai huta ba sai ya samo wanda zai riƙe filin nan da hannu biyu. To alhamdu lillahi, an dace.

Ta roƙi mu sakaya sunanta, saboda sirrin mutane da yawa yana hannunta, ba ta son mai rubutowa ya ji tsoron ko ta san gidansu. Don haka ku dai kira ta Anti, mu ma haka muke kiranta. Mace ce da ta haura hamsin, mai fara'a, ba ta saurin magana. Ranar da ta fara zuwa ofis na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ina kwalin da ake ta ba ni labari?" Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna a kansa.

Anti haifaffiyar cikin birnin Kano ce. Tana aji shida na firamare aka cire ta aka yi mata aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida da goyo tun ba ta cika ashirin ba. Ta ce da ba don ajin yaƙi da jahilci na unguwarsu ba, da ƙila yanzu tana nan tana jiran wani ya karanta mata takardar asibiti. Irin ajujuwan nan ne na Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa a 1980, waɗanda suka buɗe wa dubban matan aure da zawarawa ido. Kai, mu kanmu masu harkar littattafan soyayya mun ci moriyarsu, domin shi kansa Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, ta ajin manya ya shiga karatun boko. Daga nan Anti ta lallaɓa ta yi sakandare, ta yi kwalejin horon malamai, duk tana ɗinkin hula tana biya wa kanta.

Aikin jama'a kuwa ba a ofis mai iyakwandishan ta fara shi ba. A ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarsu ta fara. Samari su ne masu yashe kwata da gyaran maƙabarta da sintirin dare, mata kuma suka ɗauki adashi da kai marasa lafiya asibiti. Da yake ita ce mai rubutu a cikinsu, sai aka ɗora mata littafin kuɗi. Shekara da shekaru tana riƙe da shi ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma duk wanda ya san abin da ke kashe ƙungiyoyinmu ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Ta nan wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki da matasa ta gan ta, ta ɗauke ta.

A can ne fa ta sha karatun da ba a yi a aji. Ta ba ni labarin lokacin da suka koya wa 'yan mata ɗinki, aka yi bikin yaye su, aka ba kowacce keke, aka ɗauki hoto, kowa ya tafi yana murna. Bayan 'yan watanni ta bi su gida-gida, sai ta tarar kekuna da yawa sun yi ƙafa. Wata an sayar an cika kuɗin gado da katifa, wata yayanta ya karɓa ya yi jari, wata kuma mijin da ta aura ya ce ba ya son ƙarar keke a gidansa. Ta ce ranar har kuka ta yi. Amma da ta natsu sai ta ga laifin nasu ne: sun koyar da yarinya, sun manta yarinya ba ita ke da iko da kanta ba. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar ɗaliba ba sai ta je ta durƙusa ta gai da uwa, ta nemi iso wajen uba, in da saurayi tsayayye a kira shi shi ma a ji bakinsa. Mai unguwa da liman kuwa, da su ake fara komai. Aikin ya ƙara nauyi, amma kekuna suka daina ɓata.

Ta kuma yi fama da masu shaye-shaye, musamman 'yan mata da matan aure masu kwankwaɗar maganin tari mai kodin, tun kafin rahoton BBC na 2018 ya tona asirin abin har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. A cewarta, mafi yawan waɗanda ta zauna da su ba iskanci ne ya kai su ba, baƙin ciki ne da rashin wanda za su gaya wa.

Sai dai labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wasu masoya biyu. Yarinyar ɗalibarta ce, yaron kuma ɗan ƙungiyarsu, kowa a unguwa ya san su tare. An kawo lefe, an sa rana. Anti ce da kanta ta lallashe su su je gwajin jini, a lokacin kuwa ba dole ba ne, domin sai a 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure. Sakamako ya fito, shi AS, ita AS. Ga wanda bai sani ba, in irin waɗannan suka yi aure, kowane ciki aka samu akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A lura, kowane ciki ne, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya haihuwar biyar lafiya ƙalau, ana iya samun uku a jere masu ciwon.

Anti ba ta ce su rabu ba, ba ta kuma ce su yi ba. Ta kai su wajen likita ya yi masu bayani, ta kai su gidan wata baiwar Allah mai 'ya'ya biyu masu sikila suka wuni, sannan ta tara iyaye ta faɗa masu gaskiya. Ƙarshe dai aka mayar da lefe. Yarinyar ta yi kusan shekara biyu ko gaisuwa ba ta yi mata, in sun haɗu a gidan biki sai ta kau da kai. Na ce, "Anti, yanzu in da za a sake, haka za ki yi?" Ta yi shiru can, sannan ta ce haka za ta yi, amma da tun kafin a sa rana za ta tura su, lokacin da zuciya ba ta gama nisa ba. Ta ce har yau in ta tuna fuskar yaron nan ranar da ya zo karɓar akwatunansa, abinci ba ya yi mata daɗi.

To wannan ce za ta riƙa karanta wasiƙunku daga fitowa ta gaba. Ta gindaya sharuɗɗa, kuma edita ya amince. Ba za a buga sunan kowa ko unguwarsa ba. Ba ta dalilin aure, don haka masu turo hoto a nema masu mata ko miji su hutar da kansu. Abin da ya shafi ciwo za ta ce a je asibiti, abin da ya shafi hukuncin saki ko gado za ta tura ku wajen malamai, ba za ta yi maku fatawa ba. Sannan ta ce mai rubutowa ya daure ya faɗi shekarunsa, da abin da yake yi, da kuma wanda yake jin maganarsa a gidansu, ko kawu ne ko goggo ko kaka.

Masu matsalar gaggawa, irin wadda aka riga aka sa wa rana, su rubuta GAGGAWA a bayan ambulan. Waɗannan su za ta fara buɗewa.