Abin Da Yara 'Yan Sikawut Ke Koya Ta Hanyar Waƙa Da Kiɗa

Jama'a, a wasu makarantun firamare za ku ga yara da ƙyalle ɗaure a wuya, suna maci, suna waƙa, ana buga masu ganga. Waɗannan su ne 'yan Sikawut. Wasu iyaye in sun ga haka sai ransu ya ɓaci. Su ce, "Mun kai yaro karatu, an mai da shi makaɗi." Har akan sami uban da zai cire ɗansa daga ƙungiyar. A wannan wata za mu yi bayanin abin da yaro ke koya a cikin wannan waƙa da kiɗa, domin iyaye su yanke shawara da sani.

Asalin Abin

Wani sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ne ya kafa Sikawut. A watan Agusta na 1907 ya tara yara maza 20 a tsibirin Brownsea da ke Ingila. Suka yi kimanin mako guda a tanti. Kowace safiya yakan tashe su da busar ƙaho. Ƙahon na wata dabbar daji ne mai kama da gwanki. Ya samo shi a 1896 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Da dare kuma su kewaye wuta, ana labari, ana waƙa. Kun ga tun farko busa da waƙa suna cikin aikin Sikawut.

Sikawut ta iso Nijeriya a 1915, ta fara daga Legas. A 1916 aka buɗe rukunin ƙananan yara a Ingila, masu kimanin shekara 8 zuwa 11.

Na Farko: Sauraro

Shugaban Sikawut yana kiran yara da usur. Kowace busa da ma'anarta. Doguwar busa guda ɗaya, kowa ya yi shiru, ya saurara. Gajerun busa a jere da sauri, kowa ya zo a taru. Dogayen busa a hankali, a watse, a yi nisa. Yaron da bai kasa kunne ba za a bar shi a baya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In an ji kakaki, an san sarki ya fito. In an ji kalangu a kasuwa, an san mahauta sun yi yanka. Yaron da ya saba rarrabe sauti zai fi saurin rarrabe "ba" da "ɓa", ko "da" da "ɗa", a ajin karatu.

Na Biyu: Hadda

Abin da aka sa cikin waƙa yana da wuyar mantawa. Shi ya sa malami kan sa dokokin Sikawut, ko ƙidaya, ko darasin tsabta a cikin waƙa. Malamanmu na da ma haka suka yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi na koyarwa. Mata 'yan taru suka haddace su, suka kai su ƙauyuka ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Na Uku: Aiki Tare

Ana kasa 'yan Sikawut rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas. Ɗaya ya ba da waƙa, sauran su amsa. In wani ya yi gaggawa, ko ya makara, waƙar ta lalace. Nan yaro ke koyon jiran lokacinsa. Manomi ya san wannan. Ranar gayya, gangar noma ce ke haɗa hannun manoma, gajiya ta ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro mai jin kunya kuma, in an ba shi jan baki sau biyu ko uku, sai ya saba tsayuwa gaban jama'a.

Na Huɗu: Aikin Hannu Da Tunani

Ba sai an sayi kayan kiɗa masu tsada ba. Yara na iya yin nasu:

1. Ganga: a sami gwangwani babba, a rufe bakinsa da fata, a ɗaure tamau.
2. Caki: a zuba tsakuwa ƙanana cikin busasshen duma, a toshe bakin.
3. Sarewa: a rarake kara, a huda ramuka.

A nan ma akwai ilmi. Sauti yana fitowa ne daga girgizar abu. In fatar ganga ta ɗaure sosai, tana girgiza da sauri, muryar ta yi sama. In ta saki, muryar ta yi ƙasa. Shi ya sa mai kalangu ke matse igiyoyinsa a hammata, har kalangun ya yi kamar yana magana. Ku gwada wannan a gida. Ku jera kwalabe uku iri ɗaya. Ku bar ɗaya ba ruwa, ɗaya rabi, ɗaya kusan cike. Ku hura bakin kowace. Wadda ta fi ruwa ita ce za ta fi siririyar murya.

Shawara Ga Iyaye

Waƙar Sikawut ba roƙo ba ce. Ba a wasa kowa don a sami kuɗi. Ƙa'idarsu ma ita ce yaro ya taimaki mutane ba tare da ya karɓi lada ba. Duk da haka, haƙƙinku ne ku san abin da ake koya wa 'ya'yanku. Ku je filin makaranta ranar da suke taro. Ku saurari kalmomin waƙar. Ku tambayi malami lokacin farawa da na tashi, don kada ya ci lokacin salla, ko na makarantar allo, ko aikin gida. In kun ji abin da bai dace ba, ku gaya wa hedimasta a gyara. Gani ya kori ji.

Kai kuma ɗalibin yaƙi da jahilci, ka ce ɗanka ya rera maka waƙa ɗaya, ka rubuta ta a littafinka, shi kuma ya duba maka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.