Yadda Ake Ta Da Tsohuwar Land Rover Domin Hanyar Ƙauye

A bayan ɗakunan shan magani da ofisoshin gona da yawa za ka tarar da tsohuwar Land Rover a girke bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ciki. In damina ta yi tsakiya kuwa, rafi ya cika, hanya ta zama taɓo, sai a rasa abin da zai kai mai naƙuda asibiti ko ya kawo taki daga gari. Sau da yawa motar nan ba mutuwa ta yi ba. Ana iya kwance ta, a sake haɗa ta.

A Ingila aka fara ƙera Land Rover a shekarar 1948. Irin da aka fi gani a ƙauyukanmu su ne Series IIA, wadda ta fito a 1961, da Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. Doguwar ta fi dacewa da ɗaukar marar lafiya a kwance. Abin da ya sa gyaranta bai gagari makanikin ƙauye ba shi ne, kusan kome a jikinta da noti aka ɗaure shi, ba ta kuma da kwamfuta.

Kafin ku kashe ko kwabo, ku fara duba shasi, wato ƙarfen da dukan motar take zaune a kai. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Yawancin bodin Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, saboda haka mota takan yi kyau a ido alhali ƙasanta ya ruɓe. Shasin kuwa baƙin ƙarfe ne mai rami a ciki, taɓo yakan shiga ya kwana, ya ci shi daga ciki. A wanke shi sarai, a ɗauki guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara, lafiya; inda ya yi shiru ko ya lotsa, ya mutu. A lura ƙwarai da ƙarfen da ya gitta a can baya, da wuraren da sifirin yake rataye, da bangon da ke tsakanin inji da direba, musamman wurin sa ƙafa, gama shi ma baƙin ƙarfe ne. Ƙaramin rami mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in shasin ya karkace, ko ya ruɓe ko'ina, to, a nemi wani, ko a bar motar ta zama ta cire kayan gyara. Sabon inji a bisa ruɓaɓɓen shasi asarar kuɗin jama'a ce.

Wajen kwancewa, kada a yi gaggawa. A cire batir tukuna, a tsiyaye mai da ruwa. Kowane sashi a zuba notocinsa a gwangwani dabam, a rubuta suna a jiki, kowace waya kuma a ɗaura mata takarda. A ɗauki hoto da wayar hannu kafin a taɓa kome. Notocin tsofaffin nan yawanci awon inci ne, sifanar milimita takan cinye musu kai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da katako mai ƙarfi.

Injin lita 2.25 mai haƙuri ne. In yana hayaƙi yana shan baƙin mai, a canja ringi da gasket, a wanke lagireto. Birki dai ba wurin tsimi ba ne: a sa sababbin robobi da bututu da man birki, ko da tsofaffin suna kama. A gaba, wajen da taya take juyawa, akwai ƙwallon ƙarfe mai ƙyalli a kowane gefe. In ya yi tsatsa, yakan yaga roba, mai ya zube, yashi ya shiga. A gyara shi, a cika shi da man giya mai lamba 90. Sifirin kuma a ware ganyayensa, a kankare tsatsa, a canja wanda ya karye.

Wajen haɗawa, duk inda alminiyam zai taɓa baƙin ƙarfe a shafa fenti ko giris a tsakani, in ba haka ba alminiyam ɗin yakan zama farin gari.

Sauran magana ta direba ce. Kusa da giya akwai sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. In an danna mai rawaya, ƙafafu huɗu duka suna ja. In an jawo mai ja baya, mota tana tsaye, sai ta shiga ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga taɓo. Da zarar an hau kwalta sai a mai da ita ƙafa biyu, gama tafiya da huɗu a busasshiyar hanya takan murɗe farfela da haƙoran giya. In kuma an ƙetare rafi, a riƙa taka birki a hankali har ya bushe, in an isa gida a duba man aksil. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a zubar a sa sabo.