Kafin Ka Sayi Zarton Haɗa Akwati, Ƙirga Haƙoransa

Daga Wakilinmu

A tsakiyar hunturu ne wata rana na ja aljihun teburin da nake ajiye takardu a gida, sai fuskar aljihun ta biyo hannuna, sauran jikinsa kuwa ya yi zamansa a ciki. Da na duba sai na tarar ƙusoshi huɗu ne kawai da ɗan gam suke riƙe da shi tun ranar da aka ƙera shi, ga shi kuwa teburin bai cika shekara uku ba. A cikin wannan ɗaki kuma akwai akwatin katako na mahaifiyata wanda ya girme ni, ya sha ƙaura daga gida zuwa gida, amma har gobe kusurwoyinsa ba su motsa ba. Babu ƙusa ko ɗaya a cikinsu. An yanka bakin kowane katako ne ya shiga cikin ɗan'uwansa, kamar yadda mutum yake sarƙa yatsun hannuwansa biyu.

Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne. A ƙasarmu katako yana shan wuya sau biyu a shekara: da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ita kuwa ƙusa ba ta kumbura tare da shi, ba ta tsukewa tare da shi, saboda haka raminta sai ya yi ta faɗi har ranar da za ta saki. Haɗin da ke jikin akwatin nan shi ne wanda mutanen Ingila suka laƙaba wa sunan wutsiyar kurciya, domin kowane yanka yana da siffar wutsiyar tsuntsu, tsukakke daga gindi, buɗaɗɗe daga baki. Faransawa da Jamusawa kuwa da wutsiyar tsattsewa suka kamanta shi. Saboda wannan siffa, duk yadda ka ja fuskar aljihun tebur, ƙara kulle ta kake yi. Ba kuwa sabon abu ba ne, gama an same shi a jikin akwatuna da makarar mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, kuma yana cikin darussan aikin katako a kwalejojinmu na koyon sana'a.

To, amma haɗin nan ba ya karɓar kuskure. Kafinta yana zana wutsiyoyi a bakin katako guda, da karkata ta ɗaya cikin shida idan katakon mai taushi ne, ko ɗaya cikin takwas idan mai tauri ne kamar maɗaci, ya yanka su, sa'an nan ya ɗora su a kan katako na biyu ya zana gurbinsu. Idan zarto ya kauce wa layi da rabin milimita kawai, sai a ga giɓi a kusurwar akwati, kuma babu gam ɗin da zai mayar da ƙarfin da aka rasa. Idan kuwa ya bar nama da yawa aka buga da guduma, katakon ya tsage. Shi ya sa yaron da ya gama koyon kafinta, yake shirin sayen kayan aikinsa na farko da ɗan abin da ya tara, ya kamata ya san irin zarton da zai nema.

Babban zarton da yake rataye a kowane shagon kafinta ba shi ne ba. Wannan tsawonsa yana kaiwa inci 20 zuwa 26, haƙoransa kuwa 7 zuwa 10 ne a kowane inci, jikinsa kuma yana lanƙwasa idan an tura shi. Aikinsa raba katako ne, ba yankan da zurfinsa bai wuce rabin inci ba. Wanda ake bukata shi ne ƙaramin zarto mai ƙashin baya, watau wanda aka naɗe bayansa da tagulla ko baƙin ƙarfe. Ƙashin bayan nan yana hana shi lanƙwasa, yana kuma ba shi nauyin da zai sa ya ci katako da kansa ba tare da an danna shi ba. Su ma masu ƙashin bayan iri-iri ne. Akwai babba mai inci 12 zuwa 16, na yankan ƙafafun tebur da firam ɗin ƙofa. Na wutsiyar kurciya shi ne ƙaraminsu, inci 8 zuwa 10, kaurin ƙarfensa kuma wajen rabin milimita.

Inda yawancin masu saye suke yin kuskure shi ne wajen yawan haƙora. Mutum zai ɗauka cewa tun da aikin mai kyau ake so, to, wanda ya fi ƙananan haƙora shi ya fi. Ba haka ba ne. Tsakanin kowane haƙori da na gabansa akwai ɗan kwari, kuma wannan kwari shi ne yake kwashe garin katako ya fitar da shi waje. Idan haƙoran sun cika ƙanƙanta, kwarin yana cika tun kafin ya fito daga cikin katakon, daga nan sai zarton ya daina ci, ya koma shafa kawai. Mai yanka sai ya fara dannawa, kuma da zarar an danna zarto ya bar layi ke nan. Idan kuwa haƙoran sun cika girma, sai su riƙa cafkar katakon suna tsalle, suna yage bakinsa.

Lissafin da kafintoci suke bi shi ne a sami haƙora kamar shida zuwa goma a cikin katako a kowane lokaci. Alal misali, gefen aljihun tebur yawanci rabin inci ne kaurinsa. Zarto mai haƙora 15 a inci zai sa bakwai ko takwas a ciki, daidai ke nan. A katako mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, irin na akwati, zai sa goma sha ɗaya, har yanzu yana tafiya. Amma mai haƙora 20 zai sa goma sha biyar a cikin wannan katako, ya yi ta shaƙewa. Wurin mai haƙora 20 shi ne siririn katako na rubu'in inci, irin na ƙananan akwatunan ajiye sarƙa da 'yan kunne. Kamfanonin da suka shahara da wannan zarto a yau ma nan suka tsaya: Lie-Nielsen na Amurka yana yin nasa da tsini 15 a inci, Veritas na Kanada kuma yana yin iri biyu, mai 14 da mai 20. A ganina, wanda zarto ɗaya kawai zai iya saye, ya nemi mai 14 zuwa 16. Ya tafi kasuwa da rula a aljihu ya ƙirga da kansa, domin wasu masu ƙerawa tsinin haƙora suke ƙirgawa, wasu kuwa cikakkun haƙora, kuma lissafin tsini kullum yana fin ɗayan da guda.

Bayan yawan haƙora sai siffarsu. Katako yana da jijiya da ta miƙe daga gindin bishiya zuwa sama. Zarton da aka yi don gicciye jijiya, ana wasa haƙoransa a karkace su zama kamar ƙananan wuƙaƙe. Wanda aka yi don bin jijiya kuwa, ana wasa su a miƙe, kowane haƙori ya zama kamar ɗan ƙaramin kurfi. Yankan wutsiyar kurciya daga bakin katako yake farawa ya gangara tare da jijiya, saboda haka haƙoran bin jijiya yake bukata. Ƙananan zartuna masu araha da yawa kuwa da haƙoran gicciye suke zuwa. Za su yanka, amma a hankali, kuma yawan kai da kawowa shi ne yake buɗe wa kuskure ƙofa.

Abu na uku shi ne wanda ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa shi ya fi ɓata aiki. Idan ka ɗaga zarto ka dubi haƙoransa daga baki, za ka ga an ɗan karkata ɗaya dama, na biye da shi hagu. Ana yin haka ne domin tsagar da zarto yake yi ta fi jikinsa faɗi, kada katako ya kama shi. A babban zarto da yake cin ɗanyen katako, karkatar nan mai yawa ce, kuma daidai ne. A zarton wutsiyar kurciya kuwa, bai kamata ta wuce kaurin takardar jarida a kowane gefe ba. Idan ta yi yawa, zarton yana samun filin yawo a cikin tsagar, ya bar bango mai kaushi. Idan kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya karkata, zarton zai riƙa jan hannunka zuwa wannan gefe komai ƙwarewarka, yaro ya yi ta shan faɗa wurin maigidansa a kan laifin da ba nasa ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kwantar da zarton a kan tebur, a shafa dutsen washi mai laushi sau ɗaya ko biyu a gefen da yake ja, a gwada, a sake in akwai bukata.

Sai kuma maganar washi, wadda a ganina ita ce ta fi shafar aljihun kafintanmu. Zartuna da yawa da suke shigowa kasuwa a yanzu an ƙona tsinin haƙoransu da wutar lantarki don su yi tauri, ana gane su da baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi a bakin haƙoran. Suna daɗewa ba su dakushe ba, amma ranar da suka dakushe magagari ba ya kama su, sai dai a jefar. Zarton Japan da ake kira dozuki yawanci haka yake. Shi wannan a jawowa yake ci, ba a turawa ba, don haka ƙarfensa yana iya zama siriri ƙwarai, wajen milimita 0.3, tsagarsa kuma kamar gashi. Babu mai musun kyan yankansa. Sai dai dogayen haƙoransa suna karyewa a katako mai tauri, ga shi kuwa itatuwanmu irin su madobiya da ƙirya da kawo ba sa wasa, loko ma har ɗan dutsen alli ake samu a cikinsa wanda yake dakushe ƙarfe. Idan haƙora suka karye sai an sayo sabon baki daga waje, da kuɗin waje. Zarton da aka yi da ƙarfen da magagari yake kamawa kuwa, da ɗan siririn magagari mai kusurwa uku za ka wasa shi cikin rubu'in sa'a, kuma haƙoran bin jijiya su ne mafi sauƙin wasawa, domin a miƙe kake tura magagarin, sau ɗaya ko biyu a kowane kwari. Ta wannan hanya ma ana iya mayar da haƙoran gicciye su koma na bin jijiya.

Irin wannan zarto yana wuce mai shi. A garin Rochester na Ingila akwai akwatin kayan aikin wani kafinta, Benjamin Seaton, wanda mahaifinsa ya saya masa kayan aikin a 1796, yana ajiye a gidan kayan tarihi, kuma a cikinsa akwai zarton wutsiyar kurciya ƙirar Kenyon na Sheffield wanda siffarsa ba ta bambanta da na yau ba. Saboda haka kada a raina tsohon zarto a wurin 'yan gwanjo. Wanda ya ga sunan Spear & Jackson na Sheffield a jikin ƙashin baya, ko na Disston, kamfanin da aka kafa a Filadelfiya a 1840, ya tsaya ya duba da kyau. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, tana fita da takardar yashi da ɗan kananzir. Wadda ta ci rami kusa da haƙora ita ce abin gudu.

Na sha ganin yara a shago suna ɗaukar zarton yankan ƙarfe su yi wannan aiki, ganin cewa haƙoransa ƙanana ne, 18 ko 24 ko 32 a inci. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma bakinsa ba shi da faɗin da zai riƙe layi, yana murɗewa, kuma garin katako yana toshe shi nan da nan.

Idan an zo saye, sabo ne ko tsoho, a rufe ido ɗaya a dubi bakin zarton daga mariƙi zuwa ƙarshe, lalle ne ya miƙe sak, domin lanƙwasa a zarto mai ƙashin baya tana da wuyar gyara. A girgiza mariƙin a ji ko yana motsi. A riƙe shi da yatsu uku, manuniya tana miƙe a gefe, a ji ko ya zauna a hannu ba tare da matsi ba. Akwai mai mariƙi irin na bindiga, akwai kuma mai miƙaƙƙen mariƙi kamar na kurfi wanda ya fi araha; na farkon ya fi taimakon mai koyo, domin hannu yana jin ko zarton ya karkata. Daga nan sai a roƙi mai kaya ya yarda a gwada. A tafi da guntun maɗaci mai kaurin rabin inci, a ja layi biyar a bakinsa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an danna ba. In duka biyar sun kauce gefe guda, laifin karkatar haƙora ne, dutsen washi zai gyara, sai a nemi ragi. In kuwa kowane yanka ya kama gabansa, a mayar wa mai kaya abinsa a ɗauki wani.