Tsere Uku a Titi Ɗaya: Mu Leƙa Gasar Le Mans

Da yawanmu idan aka ce tseren motoci, abin da ke faɗo mana a rai shi ne a ɗaga tuta, a fizgi mota, wanda ya riga isowa ya ɗauki kofi. To, ƙannenmu, akwai tseren da ba haka yake ba. A garin Le Mans na ƙasar Faransa, galibi a watan Yuni, motoci 62 ne ke tashi da yammacin Asabar, ba a tashi daga tseren sai yammacin Lahadi. Awa 24 cur! Tun 1923 ake wannan gasa, kuma motar da ta fi cin nisa ita ce zakara. A 2010 wata motar Audi ta yi kilomita 5,410.

Abin da ya fi rikita mu farkon fara kallo shi ne ganin wata mota ta wuce wata kamar a tsaye take. Ashe ba ajinsu ɗaya ba. Yadda muke da aji-aji a makaranta, haka motocin suke da aji uku. Hypercar su ne manya, irin waɗanda Ferrari da Toyota ke ƙerawa don tsere kawai, gudunsu kan wuce kilomita 320 a awa. Sai LMP2, na tsakiya. Na uku LMGT3, motocin ƙawa ne irin na kasuwa da aka gyara don gasa. Kowane aji da zakaransa, amma duk a titi ɗaya suke, a lokaci ɗaya.

A nan gizo ke saƙar. Zagaye ɗaya kilomita 13.6 ne. Hypercar kan gama shi cikin kusan minti uku da rabi, LMGT3 kuwa sai ta kusa cinye minti huɗu. Ke nan babbar mota ba ta rabuwa da cim ma ƙanana, a kwana, cikin dare, wani lokaci ana ruwa. Idan direbanta ya jira da yawa, abokin hamayya ya tsere masa. Idan ya yi garaje, ya yi karo, wahalar mutum da yawa ta tashi a banza. Shi kuma na gaba ana kaɗa masa shuɗiyar tuta don ya san mai sauri na tafe, alhali shi ma nasa tseren yake yi.

Mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa kowace mota ke da direba uku masu karɓa-karɓa. Doka ta hana direba tuƙin da ya wuce awa 4 cikin awa 6, ko awa 14 gaba ɗaya. Makanikai kuwa a shirye suke kwana, don zuba mai da sauya taya.

Mu tuna abin da ya sami Toyota a 2016. Motarsu ce kan gaba, Kazuki Nakajima na tuƙi, saura 'yan mintoci a tashi, sai ƙarfin injin ya mutu saboda wani ɗan haɗin bututun iska da ya lalace. Porsche ta wuce ta lashe. Lallai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Toyota ba su karaya ba, a 2018 suka ci kofin karo na farko, kuma Nakajima na cikin direbobin.

Don haka idan muka zauna kallo, kada mu tsaya kan motar da ke gaba kaɗai. Mu zaɓi mota ɗaya a kowane aji, mu bi su, mu lura da yadda manya ke ratsa ƙanana. Daga nan ne tseren ke fara daɗi.