Yoga da tausa

Yoga da tausa hanyoyi biyu ne na kula da lafiyar jiki waɗanda ake yawan haɗawa, musamman a Indiya da Tailan, inda kowace ke da dogon tarihi. Yoga motsa jiki ce da mutum ke yi da kansa: yana miƙe gaɓoɓi, ya tsayar da jikinsa a wani yanayi na ɗan lokaci, ya kuma daidaita numfashi. Tausa kuwa wani ne ke yi wa mutum, ta hanyar danna tsokoki da murza su da jan su. Wannan bambanci ne ya sa ake haɗa su. Tausa tana kawo sauƙi nan take amma sauƙin ba ya daɗewa, ita kuma yoga sai an ɗauki makonni ana yi kafin a ga amfaninta, sai dai tana gina ƙarfin da jiki zai riƙe.

Asalin kalmomi

Kalmar yoga daga harshen Sanskrit ta fito, daga saiwar "yuj" mai nufin haɗawa ko ɗaurawa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Yanayin tsayuwa ko zama da ake yi a yoga ana kiran sa "asana", kalmar da asalinta ke nufin wurin zama. Sarrafa numfashi kuma shi ne "pranayama". Tausar mai ta Indiya sunanta "abhyanga". A harshen Tailan "nuad" na nufin tausa, shi ya sa ake kiran tausar ƙasar da suna Nuad Thai.

Tarihi a Indiya

Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan yoga shi ne Yoga Sutra na Patanjali, wanda ya kasa yoga kashi takwas. A cikinsa an fi ba da ƙarfi ga tarbiyyar zuciya da natsuwa, motsa jiki bai samu babban wuri ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ne ya faɗaɗa bayani kan yanayin jiki da numfashi. Irin yogar da aka sani yau a wuraren motsa jiki ta bunƙasa ne a ƙarni na 20. Tirumalai Krishnamacharya ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930, ɗalibinsa B.K.S. Iyengar kuma ya wallafa littafin Light on Yoga a 1966, wanda ya taimaka wajen yaɗa ta a Turai da Amurka.

Ita kuma tausa tana cikin Ayurveda, wato tsarin maganin gargajiya na Indiya. A abhyanga ana ɗumama mai, galibi man riɗi, a shafe jiki da shi ana murzawa. A jihar Kerala da ke kudancin ƙasar akwai tausar da ake kira chavutti thirumal, wadda mai tausa ke yi da tafin ƙafarsa yana riƙe da igiyar da aka rataya a sama. Masu koyon kalaripayattu, wani salon faɗa na gargajiya, da masu rawar kathakali suna amfani da ita don jikinsu ya yi laushi ya iya jure atisaye mai tsanani.

A watan Nuwamba na 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH, wadda ke kula da Ayurveda da yoga da wasu hanyoyin magani na gargajiya. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 21 ga Yuni a matsayin Ranar Yoga ta Duniya, aka fara bikinta a 2015. Hukumar UNESCO ta sanya yoga cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2016.

Tausar Tailan

Nuad Thai ita ce misali mafi bayyana na haɗuwar hanyoyin biyu, har wasu na kiran ta tausar yoga. Ba a amfani da mai, ba a kuma cire tufafi. Mutum yana kwanciya a kan katifa a ƙasa sanye da sakakkun kaya, mai tausa kuma yana danna jikinsa da yatsu da tafin hannu da gwiwar hannu da ƙafa. Daga nan sai ya riƙa ɗaga ƙafafunsa, yana lanƙwasa su, yana murɗa ƙugu a hankali, har jikin ya shiga yanayi irin na yoga ba tare da mai jikin ya yi ƙoƙarin komai ba.

Masu wannan sana'a suna jingina asalinta ga Jivaka, likitan da littattafan addinin Buda suka ce shi ne ke duba Buda. Sun yi imani cewa akwai hanyoyi a jiki da ake kira "sen", goma daga cikinsu su ne manya, kuma toshewarsu ce ke jawo ciwo. Ilimin halittar jiki na zamani bai gano waɗannan hanyoyi ba, amma masu tausa na bin su a matsayin taswirar aiki.

A shekarun 1830 Sarki Rama na Uku ya sa aka sassaƙa ilimin magani da zanen wuraren tausa a jikin duwatsu a haikalin Wat Pho da ke Bankok, don jama'a su karanta. Ya kuma sa aka ƙera mutum-mutumi 80 da ke nuna ruesi dat ton, wani salon miƙe jiki da mutum ke yi wa kansa. A 1955 aka buɗe makarantar maganin gargajiya a haikalin, wadda har yau ke koyar da tausa. UNESCO ta sanya Nuad Thai cikin jerin al'adun gado a watan Disamba na 2019.

Yadda suke aiki a jiki

A yoga, tsokoki ne ke ɗauke da nauyin jiki. Riƙe yanayi guda na tsawon numfashi da dama yana ƙarfafa tsokokin ciki da baya da cinya, yana kuma koya wa mutum daidaita tsayuwarsa. Yawan miƙewa na sa jiki ya saba, har gaɓa ta riƙa kaiwa inda da ba ta iya kaiwa.

A tausa, tsokoki hutawa suke yi. Dannawa da murzawa na ƙara gudun jini a fata da wurin da aka taɓa, suna kuma rage jin zafi na ɗan lokaci. Bincike ya nuna cewa tausa na ɗan rage tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki mai nauyi. Wannan na da amfani ga sabon mai koyon yoga, domin tsamin jiki na daga cikin abubuwan da ke sa mutane su daina tun a farko.

Inda suka yi tarayya shi ne tsarin jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da numfashi ba da nufin mutum ba. Tsarin yana da ɓangare mai zaburar da jiki lokacin firgita, da ɓangare mai kwantar da shi. Numfashi a hankali da tausa mai laushi duk suna karkata jiki zuwa ɓangare na biyu, shi ya sa mutane da yawa ke cewa suna samun natsuwa da barci mai daɗi bayan sun yi su.

Ciwon baya

Ciwon ƙasan baya na cikin matsalolin da aka fi gwada hanyoyin biyu a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. A 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara gwada hanyoyin da ba na shan magani ba. Ta lissafa tausa cikin abubuwan da za a yi wa sabon ciwo, ta kuma lissafa yoga cikin na ciwon da ya wuce mako 12. Kwalejin ta bayyana cewa hujjojin da ke goyon bayan kowace ba su da ƙarfi sosai. Yawancin binciken ma kowace aka gwada ita kaɗai, ba a haɗe ba.

Hattara

Ba kowa ya kamata a yi wa tausa mai ƙarfi ba. Wanda ke da gudan jini a jijiyar ƙafa, tausa na iya ɓamɓaro gudan ya tafi huhu, abin da kan iya kisa. Masu raunin ƙashi, masu shan maganin tsinka jini, masu zazzaɓi ko buɗaɗɗen rauni, da mata masu juna biyu, ya kamata su tuntuɓi likita tukuna. Yanayin yoga da ake kifa kai ƙasa yana ƙara matsi a cikin ido, don haka ana gargaɗin masu cutar gilakoma a kansa. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko rama ba dalili, na asibiti ne cikin gaggawa. Babu hujjar da ta tabbatar da iƙirarin cewa tausa na fitar da guba daga jiki, kuma yoga da tausa ba sa maye gurbin maganin hawan jini ko ciwon sukari.

Muhawara ta addini

Da yake yoga ta taso ne cikin al'adun addinan Indiya, an yi muhawara a kanta tsakanin Musulmi da kuma Kirista. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi addu'o'i da ibadun addinin Hindu, majalisar malaman Indunusiya ma ta fitar da irin wannan hukunci a farkon 2009. Ta Indunusiya ta bambanta wannan da yogar da ake yi don motsa jiki kawai, wadda ba ta haramta ba.