Sanda ɗaya a filin lakwal ta isa ta koyar da yanayi

Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar, ake ta muhawara a kan ko za a iya koyar da kimiyya da ita. Iyawa ba ta ba ni tsoro. Abin da nake gudu shi ne a ɗauko littafin da aka rubuta wa yaran Faransa, da yanayinsu huɗu da ƙanƙararsu, a juya shi Hausa, a miƙa wa yaron Yekuwa ya haddace, alhali shi bazara, damina, kaka da hunturu ya sani.

Ga wani kuskure da ya zauna daram, har a bakin masu ilimi: wai zafi na zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana, kamar mai matsawa gindin murhu. A farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, tazarar kilomita miliyan 147, lokacin da mutanen Magarya ke ƙudundune cikin bargo. A Yuli tazarar takan kai miliyan 152. Sirrin yana ga karkacewar duniya, kimanin digiri 23 da rabi, wadda ke sa haske ya sauko mana wani lokaci a tsaye, wani lokaci a kaikaice. Malami ya haska tocila kai tsaye a bango, sannan ya karkata ta: hasken ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Haka ranar hunturu take, ga kuma iskar arewa da ƙurarta suna ƙara rage mata kaifi.

Yaro zai iya tabbatar da wannan da hannunsa. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, a riƙa auna inuwarta duk mako wajen ƙarfe 12 da rabi, a rubuta a allo. Yekuwa na kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Disamba inuwar za ta miƙe arewa fiye da santimita 70. Daga nan ta dinga janyewa, har wajen 25 ga Afrilu ta shige gindin sandar, rana ta tsaya a tsakar ka, kuma lokacin ne zafin bazara ke hana barci a ɗaki. Bayan haka inuwar ta juya kudu, ba ta wuce santimita 20 ba. Rana takan sake tsayawa a ka a tsakiyar Agusta, amma gajimare da ruwa sun danne zafin, yara kuma suna hutu a gona. Malaman zaure sun daɗe da wannan awo, da shi suke gane zawali da shigar la'asar, kuma babu abin da ya hana a gayyato ɗayansu aji ya nuna.

Dabbobi ma kalanda ce. Shamuwa takan yi rani a kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari gab da faɗuwar ruwa. Shinge na tashi bayan ruwan farko ya rufe fitila, kwaɗin da suka ɓuya cikin ƙasa tun kaka su cika tafki da kuka. Yara su rubuta ranar da suka fara ganin kowanne. Sai a kai su gindin gawo, wanda ya cika gonakin Magarya da Dungas, a tambaye su dalilin da ya sa yake kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, da abin da hakan ke yi wa hatsin da ke ƙarƙashinsa da awakin da ke jiran 'ya'yansa.

Jami'an ilimi kan ce babu kayan gwaji, kuma gaskiya ne, aji da yawa na zana ne. Amma wannan darasi sanda, igiya da alli yake bukata. Abin da ya rage gare su shi ne su sa shi cikin manhaja, su horar da malamai tun kafin komawa aji a Oktoba, don awon ya fara inuwa na tsawo, ya kai ga Afrilu.